Hannun Malam Imoro da Rahoton Dakta Garzali

Akwai wani masanin ruwa a Greensboro mai suna Dakta Garzali. Ilimi kam yana da shi, sai dai ba ya jin maganar wanda ba shi da digiri.

An sa shi shugabancin kwamitin da zai sake duba ƙa'idar gansakuka a wani kogi na bakin teku, wato yawan da za ta kai kafin a ce ruwan ya zama haɗari. Kogin irin wanda ruwan teku ke shiga ya cika shi ne, sannan ya janye, sau biyu a rana.

Duk mako Malam Imoro, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, ke tuƙa mota awa uku ya kawo kwalaben ruwan da aka ɗebo. Wata rana ya ajiye su, ya miƙa hannuwansa. Duk sun yi jajayen ƙuraje.

"Dakta, na yi alwala a kogin bayan ruwa ya janye. Kore ne shar, yana wari. Su kuwa masu ɗiba sai ruwa ya cika suke fita, don kada jirginsu ya kafe a laka. Ruwan teku kuke aunawa."

Dakta ya yi dariya. "Baba, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Ka nemi man shafawa."

Malam Imoro ya mayar da hannuwansa aljihu. "Na dai faɗa."

Dakta ya sa hannu a rahoton cewa tsohuwar ƙa'ida ta isa, kogin lafiya lau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma shi ya manta.

Bayan Babbar Sallah, cikin zafin bazara, ya kwashi iyalinsa daga gidansu na Pleasant Garden zuwa bakin kogin. Sun isa ruwa ya janye. Matattun kifaye na kwance a laka, ko tsuntsu bai kula su ba.

Matarsa Khairiyya ta toshe hanci. "Anya, Baban Mubina?"

"Ni na auna ruwan nan da kaina. Bar yarinya ta yi wasa."

Mubina, 'yarsu mai shekara shida, ta shiga, ta yi ta fantsama, har ta haɗiyi ruwan. Kafin su kai gida ta fara amai. Washegari idanunta suka yi rawaya.

A asibiti likita ta ce gubar gansakuka ta taɓa hantar yarinyar. Za ta rayu, amma jinyar mai tsawo ce. Sai ta tambaya, "Wa ya gaya muku ruwan nan ba shi da matsala?"

 Khairiyya ta juya ta dubi mijinta.

Shi kuwa hannuwan Mubina yake kallo. Ƙurajen nan ne, sak irin waɗanda ya yi wa dariya.

Darasi: Takarda ba ta ganin abin da ba a kai mata ba. Idan wanda ya taɓa abu da hannunsa ya yi maka magana, ka saurara, ko da direbanka ne. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana gab da sa hannu.