Wake da Baƙin Saiwarsa

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku, ku matso."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Gwaggo."

Wake ne yake zaune a gonar wani manomi, Jatau, tsakanin kunyar Dawa da ta Gero. Wata damina sai baƙi suka zo masa ta ƙarƙashin ƙasa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suka ce, "Maigida, ba mu masauki a saiwarka. Ka ɗibar mana zaƙin da ganyenka ke haɗawa a rana. Mu kuma mu kamo abincin da ke cikin iska, mu dafa maka."

Wake ya ce, "Bismillah."

Sai suka gina ɗakuna, saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Wake ya yi kore shar. Abin da ya saura a ƙasa maƙwabta suka sha, ba su tambayi mai girki ba.

Ran nan sai ruwa ya zaizaye kunya, saiwar Wake ta fito fili. Dawa ta leƙo daga sama.

"Kai gajere, ƙurajen mene ne a ƙafarka? Kore su kafin mu ɗauka."

"Yaya Dawa, baƙina ne. Ba na korar baƙo."

Sai Gero ya ce, "Ɗana, kore su mu zauna lafiya."

"Baba Gero, lafiyar nan taka girkinsu ce. Ba inda za su."

Sai suka kai ƙara. Jatau ya zo da fartanya. "Ko su fita, ko ka fita."

Wake ya dubi kunyar da ya girma a kai. Ya ce, "To, mu fita tare."

Sai Jatau ya tumɓuke shi, ya jefar a faƙo, inda ko ciyawa ba ta tsira. Wake ya lallaɓa ya kafa saiwa, baƙi suka hura wuta.

Damina ta zagayo. Daga faƙo Wake yana hangen gona. Ganyen Dawa na ƙasa ya yi rawaya, rawayar tana hawa sama. Dawa ta ji labarin daga iska baƙin ke kamo abincin, ta ce, "Ai iska ta kowa ce." Ta baza ganye ta haɗiya, ba ta ƙoshi ba. Gero ya haɗiya, sai ƙugin ciki. Jatau ya kawo faifai yana yi musu fifita har hannunsa ya mutu. Zangarniya ta fito kamar ɗan yatsa, rumbu ya kwana wayam.

Sai ga Jatau a faƙo, hula a hannu.

"Wake, dawo gida."

"Da su?"

"Ka bar su nan tukuna."

"A gaida mutanen gida."

Jatau ya juya, ya tuna rumbu, ya juyo. "Da su."

"Saura sharaɗi ɗaya. In ka zo yankan harawa, yanka daga sama. Saiwata da ɗakunansu su zauna a ƙasa."

Jatau ya yarda. Da Wake ya dawo, Dawa ta ce, "Sannu da zuwa, ƙanena."

Wake ya ce, "Ba ni za ki gaisar ba. Suna ƙasa. Sunkuya."

Sai Dawa ta sunkuya. Har yau in ta yi nauyin tsaba, kanta a ƙasa yake.

Ƙurunƙus, kan kusu ya shige rumbun Jatau.

Baƙin nan ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu zama a saiwar wake. Abincin nan na iska shi malamai ke kira naitirojin. Ya cika sarari, amma tsiro ba ya cinsa ɗanye, sai an dafa ya sha ta saiwa. In an ce ku kori wanda ke ciyar da ku don ba shi da kyan gani, ku ce a'a, ko da fartanya aka zo.