Ƙarar da Walƙiya Bai Jira Ba

A layin masu gyaran mota akwai wani makaniki da kowa ke kira Walƙiya. Ba a banza sunan ya bi shi ba. Aikin da wani zai wuni a kansa, shi kafin shayinka ya huce ya gama yana goge hannu. Iya aiki kam Allah ya ba shi, ko maƙiyinsa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne: yabon sauri ya shiga kansa, har ya fi son a ce masa "Har ka gama?" a kan a ce "Aiki ya yi kyau."

Garejin na mahaifinsa ne. Da idon tsohon ya yi rauni sai ya miƙa wa ɗansa spana, ya koma kan benci a bakin rumfa. Ba ya ganin noti sosai, amma kunnensa garau yake, ko mota ta yi tari a bakin titi sai ya faɗi ciwonta.

Walƙiya na da 'ya, ita ce ta fari, yana kiranta Uwata don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Yarinyar nan ta ƙudurta sai ta zama ma'aikaciyar jinya. Jarrabawar shiga makarantar kuwa sau ɗaya ake yi a shekara, a wani gari mai ɗan nisa, kuma da an fara ake rufe ƙofa. Ta yi karatu har bangon littattafanta ya rabu da jikinsu. Maƙwabcinsu direba ya ce zai rage mata hanya ranar, Walƙiya ya ce faufau.

"Ina da mota, ina da hannu, sannan wani ya kai mini 'ya? Ni zan kai Uwata har bakin ƙofa."

To amma ka san halin masu sana'a, tela ne da yagaggiyar riga. Motarsa mai jan gaba ce, ta daɗe tana ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ya sha kwana. Shaf ne ya gaji, wato ƙarfen nan da ke ɗauko ƙarfi daga giyabos ya kai wa tayar gaba. Robarsa ta yage, giris ya watse, ƙasa ta shiga. Ya sayo sababbi guda biyu ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Maigida, don Allah ka gyara motar nan tun da sauran kwanaki."

"Ke dai sha kuruminki. Aikin da zan yi kafin ki gama ɗaura ɗankwali?"

Haka ya bar shi sai safiyar jarrabawa.

Gari na wayewa ya ɗaga mota da jak, ya cire tayoyi, ya kwance babban notin tsakiya, ya tara kwano don man giya, ya ɓamɓaro tsofaffin shaf ɗin. Tsoho ya lallaɓo da sandarsa ya zauna. Uwata na tsaye da jakarta a ƙirji, bakinta na motsi tana bitar karatu.

"Amaryata, idan kin zama ma'aikaciyar jinya, kada ki ce da ni za ki fara koyon allura," in ji Tsoho.

"Da kai fa zan fara, Kaka. Babbar allura ma zan nema."

A bakin kowane sabon shaf akwai wani ɗan zobe na ƙarfe. Idan aka tura shaf cikin giyabos, zoben ne ke matsewa ya wuce, sannan ya buɗe ya kama, a ji ya ce ƙas. Na hagu ya shiga da bugu ɗaya, ya ce ƙas. Na dama ya yi gardama. Walƙiya ya tura, ya sake turawa, ya ga ya shige kusan duka, ya jawo taya.

Tsoho ya karkata kai. "Ƙas ɗaya na ji."

"Biyu ne, Baba. Hayaniyar titi ce ta hana ka ji."

"Ni dai ɗaya na ji. Sa hannu ka ja shi baya ka gani. Idan ya kama ba zai biyo ka ba."

A daidai lokacin ne mai faci na gefensu ya leƙo. "Kai, Walƙiya! Har ka gama duka biyun? Kai dai aljani ne!"

Maganar nan ta yi masa daɗi fiye da ta mahaifinsa. Ya ɗaure noti, ya mayar da mai, ya sauke mota, bai ja komai ba.

Suka kama hanya, mota na tafiya sumul, yana ta yi wa Uwata kirarin kansa. Sun ci fiye da rabin tafiya sai tayar dama ta faɗa wani rami a kan kwana. Aka ji ƙarar ƙarfe. Ya taka totur, inji ya yi ruri, mota kuwa sai rage gudu take yi har ta tsaya cak. Tun kafin ya leƙa ƙasa ya san abin da ya faru. Shaf ɗin dama ya zame daga giyabos, man giya na ɗiga a kan kwalta.

Kunya ta rufe shi. Ya yi ta ɗaga wa motocin da ke wucewa hannu, wasu a cike suke, wasu ko kallo bai ishe su ba. Sai ya tuɓe rigarsa ya ce, "Uwata, in sha Allahu sai kin rubuta jarrabawar nan."

Ya ɗaga motar da ƙaramin jak, ya tokare ta da duwatsu, ya kwanta a kan tsakuwa mai zafi. Ƙarfe ya yanke shi a yatsa bai kula ba. Ya daidaita haƙoran shaf, ya ɗora katako, ya buga da guduma. Ƙas! Ya sa hannu biyu ya ja da dukkan ƙarfinsa, shaf ko gezau.

Ya yi gudun da bai taɓa yi ba, amma suka tarar da ƙofa a rufe. Ya roƙi mai gadi, ya nuna masa hannunsa mai jini da baƙin mai. Mai gadi ya tausaya, ya ce, "Wallahi Malam, an riga an raba takardu. Ba ni da iko. Sai dai baɗi."

Uwata ba ta yi kuka a nan ba. Sai da suka juyo, a cikin mota, ta ce a hankali, "Baba, jan da Kaka ya ce ka yi, lokaci nawa yake ci?"

Da ƙyar Walƙiya ya ce, "Bai kai shan ruwa ba, Uwata."

Ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo. Can ta share su da bayan hannu, ta zuge jaka, ta ciro littafinta marar bango, ta buɗe shafin farko.

Da suka iso gareji, mai faci ya ɗaga murya, "Walƙiya, har kun dawo?" Bai waiwaya ba. Ya wuce ya durƙusa gaban benci ya ce, "Baba, ɗaya ne."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aiki bai ƙare ba sai an duba an tabbatar ya kama. Sauri baiwa ce, amma idan son yabo ya hau kansa, sauri kan haifi nawa. Kada ka bar aikin da kake da kwanakin yinsa sai ranar buƙata don kana taƙama da hannunka, kada kuma kirarin mai wucewa ya toshe maka kunne daga gargaɗin babba. Sau da yawa ba mai gaggawar ne ke biyan farashinta ba, wanda ya dogara da shi ne. Walƙiya ya tsallake jan da bai kai shan ruwa ba, 'yarsa ta biya da shekara guda.