Taƙi Guda da Kyari Ya Ƙi Ɗagawa

Kyari direban tarakta ne a Potiskum, kuma ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Aibinsa guda ne: in ya hau kujera ba ya son saukowa, kuma ba ya son a gaya masa. Taraktar ta girme shi. Hannayen ƙarfen nan na bayanta, waɗanda ke riƙe injin yankan ciyawa, sun gaji. In ka ɗaga su da liba, sai su riƙa zamewa ƙasa a hankali. Maganin abin shi ne mutum ya sauko, ya murza sandar ƙarfen da ke riƙe injin ta sama, ya rage tsawon sarƙa, ya auna tsakanin wuƙa da ƙasa da hannunsa. Aikin minti goma ne, amma a wurin Kyari ɓata lokaci ne.

Surukinsa Malam Jalo, mahaifin matarsa Suwaiba, tsohon makiyayi ne da ya zauna a Dogo Nini. Daga garken da ya gada, saniya ɗaya ta rage masa, Wule. Kakarta ta fito daga shanun mahaifinsa. Tana da ciki, kuma tsohon ya ɗora ransa a kan abin da za ta haifa, wai ko garken zai sake tashi.

Da kaka ta yi, Jalo ya roƙi Kyari ya yanke masa ciyawar filinsa, a adana wa Wule ta ci da rani. Da hantsi Kyari ya iso. Wule na ɗaure a gindin bishiyar maina, wato dogon yaro, a bakin filin.

Tsohon ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin injin. Saboda kunyar suruki, sai ya sassauta murya.

"Ɗana, wuƙar nan ta yi ƙasa. A nan muke ɗaure shanu a da. Akwai turakun ƙarfe da ciyawa ta rufe, ni kaina na manta wurarensu. Ka ɗaga ta taƙi guda."

"Baffa, kada ka damu," in ji Kyari daga kan kujera. "Shekara goma sha biyar ina wannan aikin. In na ɗaga, rabin ciyawar zan bari a ƙasa."

Ya ɗan ja liba don idon tsoho, ya tayar da inji. Ya san sarai hannayen za su zame, amma wani aiki na jiransa a Bolewa kafin azahar.

Zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku injin ya riga ya sauka har yana kankarar ƙasa. Daf da bishiyar, wuƙa ta daki turke. Aka ji ƙara kamar harbi. Wuƙar ta karye, guntun ya tashi ya sami Wule a ƙafar baya, ya farfasa ƙashin.

Ta faɗi. Ta yunƙura sau biyu, ta kasa. Jalo ya ruga ya durƙusa, ya shafa ƙafar. Wanda ya tashi cikin shanu ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya rungume wuyanta yana yi mata magana da Fulatanci, hawaye na bin gemunsa. Dole aka kira mahauci kafin ta mutu a banza. Da aka feɗe ta, sai ga 'yar maraƙa mace.

Wallahi da tsohon ya zage shi, da Kyari ya fi samun sauƙi. Bai zage shi ba. Ya kwance igiyar, ya naɗe ta a hannu, ya ce, "Taƙi guda na roƙe ka, ɗana."

Suwaiba ta yi kuka har idonta ya kumbura. Kyari ya sayo wata saniya ya kai. Jalo ya yi godiya, ya ce a mayar, domin ba ta san shi ba, shi ma bai san uwarta ba. Ciyawar tana nan jibge a kan rumfarsa, ta bushe, babu mai ci.

Darasin da ke nan shi ne, gwaninta ba ta hana mutum saukowa ya duba. Kai ka san injinka, amma mai fili ya fi ka sanin abin da ke ƙarƙashin ciyawarsa. In babba ya ce ka gyara, tsaya ka gyara. Minti goman da Kyari ya ƙi bayarwa ya cinye abin da ya rage wa tsoho na gadon mahaifinsa, kuma ba a sayar da irin wannan a kasuwa.