Gawayin Da Ya Ture Dutse

An yi wani sarki a ƙasar Marmara, sunansa Jatau, wanda ran Laraba, tara ga watan Safar, ya tara jama'a a bakin kasuwa, ya sa aka aza dutse a kan katanga, aka harba kibiya, aka zube kwandon gawayi, sa'an nan ya tambaya wanne ne ba shi da ƙarfi a cikinsu. Waziri Lurwanu ya ce gawayi ne, domin kibiya tana gudu, dutse in ya faɗo yana ɓarna, gawayi kuwa mataccen itace ne. Malam Talle, wanda ya shekara arba'in yana koyarwa kafin ya ajiye aiki, ya ce ba haka ba ne. Waziri bai kawo hujja ba, bai nemi a gwada ba, sai ya ce tsufa ya taɓa wa Malam hankali. Kasuwa ta kwashe da dariya, har da waɗanda shi ya koya wa riƙon alƙalami.

Kwana bakwai Malam bai fita ba. A na takwas ya zo fada da tukunyar ƙarfe, ya zuba ruwa, ya rufe, ya ɗora dutse a kan murfin, ya hura gawayi a ƙarƙashi. Da ruwa ya tafasa, murfi ya kama rawa, dutse ya gangaro har gaban takalmin Waziri.

Malam ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a tambayi Waziri wa ya ture dutsen nan, tunda ni hannuna yana cikin riga."

Waziri ya sunkuyar da kai. Malam ya bayyana cewa ƙarfin dutsen katanga ajiyayye ne saboda yana bisa, na kibiya sakakke ne, gawayi kuwa tamkar baka ne da aka ɗana: rana ce ta ja tsirkiyarsa a shekarun da itacen yake tsaye, wuta ce ta sake ta, ajiyar ta zama motsi.

Sarki ya yaba da hikimar, ya ba shi alkyabba da mazauni a damansa. Malam ya yi godiya, ya naɗe alkyabbar, ya ajiye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, adalcin da aka yi a fada ba ya goge wulaƙancin da aka yi a bainar jama'a. Ba zan yafa ta ba sai Waziri ya tsaya a kasuwa ran Laraba, mai shela yana maimaitawa, ya ce ya yi kuskure, ya ambaci sunana, ya nemi gafarata."