Jijiyar da Labaran Bai Gane Ba

Akwai wani matashi a Ɗorayi mai suna Labaran, ma'aikacin wata masaƙa a Sharaɗa. Lokacin nan ne da masaƙu ke rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta. Kowa acaɓa yake hawa zuwa aiki, shi kuwa da gudu yake zuwa, har abokan aiki suka sa masa suna Acaɓa.

Ya san sallama na nan tafe. Abin da ya sa wa rai kawai shi ne tseren tantance 'yan wasan jiha. In aka ɗauke shi, ya samu abin yi.

Ana dab da tseren zazzaɓi ya kayar da shi. Ya je kemis ya ce a haɗa masa mai ƙarfi. Ba gwaji ba komai aka ce taifot ne, aka ba shi sifro, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Lidiya, nas ɗin masaƙar, ta hango kwalin a aljihunsa.

"Acaɓa, wa ya rubuta maka wannan?"

"Aljihuna, Sista."

"Ba wasa nake ba. Wani lokacin yana taɓa jijiya. Ka ajiye gudu, ka je asibiti."

Kafin ta ƙara magana aka shigo da wani da inji ya yanka a hannu, ta yi kansa.

Labaran ya ɗauka jijiyar jini take nufi, irin ciwon tsofaffi. Ya biya kemis aka auna jininsa, lafiya lau. Ya yi dariya ya ci gaba da atisaye. Ita kuwa agara take nufi, jijiyar da ke bayan dunduniya.

Da wurin ya fara ciwo, sai ya shafa man zafi ya ɗaure. Amininsa Sule ya ce, "Ka huta mana, baɗi ma akwai tsere."

"Baɗi akwai masaƙar?"

Labaran ya ƙara ɗaure ƙafar ya fita atisaye.

Wata safiya a hanyar Challawa ya ji ɗas, kamar an jefe shi da dutse a ƙafa. Ya waiga don ya ga wanda ya jefe shi. Ba kowa. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi.

Mai ɗori ya laluba, ya ce ƙashi lafiyarsa ƙalau, wannan ba aikinsa ba ne. A asibiti likita ya ce agarar ce ta tsinke. Za a ɗinke, zai taka, amma batun tsere kada ya tambaye shi.

Ranar tantancewar yana kwance a soro, ƙafa cikin filasta. Ƙaninsa ya leƙo yana ta kame-kame.

"Yaya, takalmin gudunka... tunda dai..."

Labaran ya nuna masa inda takalmin yake.

"Ɗauki duka. Har da safar."

Darasi: Ɗan haƙurin zuwa asibiti ya fi nadamar da ba ta da magani. Kada ku sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta. In an gargaɗe ku, ku tsaya ku tambayi abin da ake nufi. In kuna shan magani agara ta fara ciwo, ku daina gudu ku koma wajen likita. Ku tura wa duk mai motsa jiki da kuka sani.