Matar Manomi Tsakanin Ma'aji da Mai Magani

Akwai wani manomi a wani gari na bakin kogi, shi da matarsa sun tsufa tare. Mutanen garin nan suna da wata al'ada mai kyau. Kowace kaka, kowane magidanci yakan ɗebi wani abu daga amfanin gonarsa ya kai wani babban rumbu a gabashin gari, inda aka sa wani mutum ya zama ma'aji. A yammacin gari kuwa akwai mai magani, gidansa kullum yana ƙanshin saiwa da sassaƙe. Duk wanda ciwo ya kama sai ya tafi can hannu wofi a yi masa jiyya, ma'aji kuma ya auna wa mai magani hatsi daga rumbu. Manomin bai taɓa fasa kai rabonsa ba, ko a shekarar da fari ya ƙone gero. Saboda haka yakan kwanta da zuciya a kwance, kamar wanda ya gyara jinkar ɗakinsa kafin damina.

Ana nan sai gardama ta tashi. Mai magani ya ce mudun da ake auna masa ya yi kaɗan, gama itatuwan magani sun ƙare a kusa, sai ya aika har bayan duwatsu. Ma'aji ya ce in ya ƙara masa, rumbu zai ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, gwauraye da marayu su rasa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma maimakon su zauna a tabarma ɗaya, sai suka kai maganar kasuwa, kowa yana ɗaga murya domin jama'a su ji. Daga ƙarshe mai magani ya rantse ba zai ƙara duba mutanen rumbu ba sai an ƙara mudu.

A kwanakin nan ne fartanya ta sari matar manomin a ƙafa tana noma. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Manomin ya ɗora ta a kan jaki ya nufi yamma. A gidan mai magani aka ce masa, cikin ladabi, ya je ya sa ma'aji ya amince tukuna. Ya juya jakin ya nufi gabas. A can ma aka ce masa, cikin ladabi, rumbu a shirye yake ya biya, mai magani ne ya ƙi karɓa.

Rana ta take, hanya ta yi fari fat. Yana tafe yana jan jakin, kawalwalniya tana rawa a gabansa kamar ruwa, sai ya ga kamar garin yana shawagi a kan kogi, ƙofar ma'aji da ta mai magani suna ja da baya duk sa'ad da ya matso. Matar kuwa tana ta magana a hankali. Ta ce tana ganin balbelu sun sauka a gonar mahaifinta, gero ya fi tsayin mutum, marigayiya uwarta kuma tana kiranta daga hayin kogi. Da ya ji maganar hayin kogi, sai ya riƙe hannunta kamar mai hana kwalekwale tashi.

Ƙarfinsa ya ƙare daidai tsakiyar kasuwa. Ya sauke ta a inuwar tsamiya, ya tallafi kanta da cinyarsa. Ashe a nan ne ma'aji da mai magani suke tsaye, kowa da mutanensa a bayansa, ana ta ka-ce-na-ce a kan mudu.

Sai matar ta buɗe ido. Ba ta gane kasuwa ba, ba ta gane kowa ba. Ta ce, "Maigida, 'ya'yan wane ne suke faɗa haka? Raba su mana. Ka ce su zo in ba su fura, yunwa ce ke damunsu."

Muryarta ba ta da ƙarfi, amma ta faɗo daidai lokacin da mutanen biyu suka tsaya jan numfashi. Suka waiga. Mai magani ya ga ƙafar, ya san abin da jinkiri ya riga ya yi mata. Ma'aji ya dubi fuskar manomin, ya tuna da shi ɗauke da dami a shekarar fari.

Mai magani ya durƙusa ya ce, "Baba, tun yaushe?"

Manomin ya ce, "Tun kuna magana, ɗana."

Ma'aji ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa, su biyu suka ɗauke ta, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, har gidan magani. A zauren gidan suka daidaita batun mudu, kafin ruwan da aka ɗora na wanke ciwon ya tafasa. Matar ta rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Har ƙarshen ranta da sanda take zuwa gona, mijinta yana rage tafiyarsa domin su jera.

Ma'anar wannan misali ita ce, mutum biyu suna iya kasancewa da gaskiya, duk da haka na uku ya gurgunce a tsakaninsu. A zamaninmu muna jin asibitoci da kamfanonin inshorar lafiya suna jayayya a rediyo a kan abin da za a biya. Mai jiyya ya cancanci hakkinsa, mai riƙon amana kuma dole ya tsare amana. Amma rumbu da gidan magani duka saboda majinyaci aka gina su, Ubangiji kuwa majinyacin yake fara dubawa.

Kada mu ce wannan maganar manya ce kawai. Miji da mata sukan yi gaba, yara suna kai da komo tsakanin ɗaki biyu. Dattawan ikilisiya sukan ja daga a kan wane ne zai ɗauki nauyi, mai bukata yana zaune a bakin ƙofa. 'Yan'uwa, idan kuna cikin gardama a wannan mako, ko da ku ne masu gaskiya, ku dakata ku waiga, ku ga wanda yake kwance yana jiran ku gama. Ku fara ɗaukarsa. Mudu zai iya jira, ƙafar da ta kumbura ba za ta jira ba.