Gwangwanin Mukullan Baba Shuɗi

Akwai wani dattijo, tsohon direban bas, da ya yi ritaya ya sayi ɗan fili a wata sabuwar unguwa can bayan gari, inda mai ƙaramin ƙarfi ma yake iya mallakar gida. Lokacin da ya tare, gidajen ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk tulin yashi ne da bulo da kangaye.

Layukan ba su da suna, gidajen ba su da lamba. Shi kuwa ya shafa wa ƙofarsa shuɗin fenti, sai ta zama alamar unguwa gaba ɗaya. Direban tifa, mai kawo saƙo a mashin, baƙon da ya ɓata hanya, kowa abu ɗaya ake faɗa masa: "Ka je shuɗiyar ƙofa ka tambaya." Bawan Allahn nan bai taɓa ɓata rai ba. Ko abinci yake ci zai ajiye, ya saka silifas ya raka mutum har gidan da yake nema. Da haka sunan Baba Shuɗi ya bi shi.

Wata rana ya ga fentin ya koɗe, ya hau tsani zai sabunta. Tsani ya zame, ƙafa ta karye. Maƙwabta suka kai shi asibiti aka yi ɗori.

'Yarsa ɗaya ce, ma'aikaciyar banki a cikin gari, wadda yake kira Uwata. Tun rasuwar mahaifiyarta take fama da shi ya koma wajenta, don ita unguwar nan ba ta da wani suna a bakinta sai "daji". Da labarin ya iske ta, ta taho a fusace.

"Haba Baba! Ka karye saboda ƙofa? Wallahi wannan karon ba shawara na zo yi ba. Na gyara maka ɗaki, gobe za mu tafi."

"Uwata, ƙafa ce fa kawai. Za ta warke."

"Za ta warke a gidana. Nan in ka faɗi a banɗaki wa zai sani?"

Ya san tsoro ne ke cinta, kuma bai ga laifinta ba. Amma zuciyarsa ba ta so. Gidan nan shi ne abu na farko da ya taɓa zama nasa a duniya.

Ranar ta wuni tana haɗa kaya tana korar masu ƙwanƙwasa ƙofa. "Ba ya jin daɗi, a tambaya gaba!" Da yamma ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ya miƙa mata. Cike yake da mukullai, kowane da ɗan ƙyalle a ɗaure.

"Na maƙwabta ne, wajena suke ajiyewa. Tunda tafiya ta kama, daure ki mayar wa kowa nasa. Amana ce."

Ta ɗauka tana gunaguni ta fita.

Rabonta da taka unguwar da ƙafa tun ana ginin gidan, sai ta ga abin ya sake. Kwalta ta baro mahaɗa tana shigowa. Ga kemis, ga makaranta, ga fitilu masu aiki da hasken rana a jere a kan layi. Yara na tseren keke ba mai tsoron mota, wata mata na ba tumatirinta ruwa a ƙofar gida. Iskar ma daban take.

Gidan farko na wata malamar makaranta ne. Da ta ga mukullin sai ta ɓoye hannunta a baya.

"A'a, 'yar Baba, ni ba zan karɓa ba. Yarana kan riga ni dawowa, wajensa suke zama. Ki mayar, in ya so mu yi magana."

A gida na gaba ta tarar da wani mai walda yana tsugune yana haɗa wasu ƙarafuna. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya saurare ta, sannan ya kwashe da dariya.

"Ina za ki kai mana Baba? In ya tafi ai ko matata ba za ta gane hanyar gida ba! Kin ga wannan? Abin riƙewa ne, gobe zan kafa masa a banɗaki da bakin gado. Mukulli kuwa ki bar shi inda kika gan shi."

Mai gidan burodi ba ta ma tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta ce lokacin da take gini, a ɗakin Baba simintinta ya yi damina guda, ko buhu bai jiƙe ba. Ta cusa mata burodi mai zafi a hannu ta koma bakin aikinta.

Ranta ya fara ɓaci. Ko mukulli ɗaya ba ta rage ba. Ta ƙarasa gidan ƙarshe, na wata nas, ta tarar da ita tana shanya kayan aiki. Nas ta shimfiɗa mata tabarma, ta bari sai da ta gama zazzage duk abin da ke cikinta.

"'Yar'uwa, gaskiyarki," in ji nas. "Uba ai ba wasa ba ne. Amma bari in tambaye ki, yaushe kike fita aiki?"

"Da sassafe."

"Ki dawo fa?"

"Sai rana ta faɗi."

"Gidan naki ƙasa ne ko sama?"

"Hawa na uku."

"To tsakanin fitarki da dawowarki, wa zai ƙwanƙwasa masa ƙofa?"

Uwata ta tuna gidan nata. Shekara da shekaru tana benen nan, maƙwabcin da suke haɗa bango ko sunansa ba ta sani ba. Ta hango mahaifinta zaune shi kaɗai gaban talabijin daga safe har dare, mutumin da bai iya wuni bai yi wa wani amfani ba. Hawaye suka zubo mata.

"Tsoro nake ji," ta ce. "Shi kaɗai ya rage mini."

"Mun sani. Mu ma ba mu da kamarsa. Ni zan duba ƙafar safe da yamma, abinci kuma matan layi sun riga sun raba a tsakaninsu tun yana asibiti. In kika ga an yi sakaci, zo ki ɗauki abinki, ba mai hana ki."

Da ta koma, Baba na zaune a bakin gado, ya sa hularsa ta tafiya tun yau. Ta ajiye gwangwanin a cinyarsa. Ya girgiza shi, ya ji nauyinsa yana nan.

"Uwata, ba ki mayar ba?"

"Sun ƙi karɓa, Baba. Mutanenka taurin kai gare su kamar kai." Ta durƙusa ta fara fito da kayansa daga jaka. "Nawa mukullin na gidan nan ma na baro shi wajen nas."

Dattijon ya juya fuskarsa bango. Can sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya share ido da hularsa.

"Tashi ki buɗe, Uwata. Wani ne ya ɓata hanya."

Darasi: Unguwa ba kwalta da fitila ke gina ta ba, mutanen da ke buɗe wa juna ƙofa ne. Wanda ya riƙe amanar maƙwabtansa yana da ƙarfi, su za su riƙe shi ranar da ƙarfin ya gaza. In akwai maƙwabcin da ya faɗo maka a rai kana karantawa, tura masa labarin nan, ka kuma yaɗa shi wasu su amfana.